Tururin Tukunya da Yafiyar Malam

Wane irin mutum ne zai zauna gaban tukunya tana tafasa, murfi yana rawa, ya hango jirgin ƙasa a ciki? Na tambayi Malam, na tambayi ɗana, har yau ban samu amsar da ta zauna mini ba. Ni tun ina 'yar ƙarama nake bakin murhu. Na ga murfi yana rawa sau ba adadi, kuma iyakar abin da na taɓa yi shi ne in janye itace ko in ɗora dutse a kai. Wani bawan Allah kuwa, a wata ƙasa mai sanyi, ya dubi tururin nan da yake ƙona mana hannu, ya ce wannan zai iya jan ƙarfe da mutane da buhunan gyaɗa. Kuma ya ja.

Ban yi boko ba. Surukata, matar ɗana, ce take rubuta wannan, ina faɗa tana bi. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ƙyale ni in yi, don ba na jin kunyarsa yanzu.

Malam mijina ne. Ya rasu a nan Kuala Lumpur, a shekara ta biyu ta korona, a wani asibiti da ban taɓa taka ƙofarsa ba. A kwanakin jinyarsa abin da ya fi cin raina shi ne kada ya tafi ba mu yafi juna ba. Zan zo kan wannan, amma sai na fara gaya muku ko wane ne shi.

Bakanike ne a loko ta Zariya, inda ake gyaran kan jirgi. Ya fara tun ana zuba wa jirgi kwal da ruwa, ya kai har zamanin masu shan mai. Yana dawowa gida da baƙin mai a ƙarƙashin farce, wanda ba sabulun da ke fitar da shi, kuma da hannun nan yake cin tuwona. Mutum ne mai son ƙarfe kamar yadda wasu ke son dawaki. In ya ji kukan jirgi daga nesa yakan ɗaga yatsa ya ce mu yi shiru, sai ya ce wannan lafiyarsa ƙalau, ko ya ce wannan gobe yana wajenmu.

Ɗanmu na fari yana koyarwa a wata jami'a a nan. Da matarsa ta sake haihuwa, ya aiko mu zo mu ga jaririya mu ɗan huta. Da niyyar 'yan makonni muka zo. Gidansu a Cheras yake, can sama a wani dogon bene, inda in ka leƙa ƙasa motoci sai ka ce ƙwaro. Ranar da muka sauka aka nuna mini wani ɗan ɗakin ƙarfe, wai lifta, aka ce in shiga zai kai mu sama. Na ce su yi gaba, ni zan bi matakala.

Malam ya ce, “Hajiya, in kika bi matakala, kafin ki isa an yaye jaririyar.”

Na shiga ina salati. Shi kuwa kunnensa ya manna a jikin bango yana sauraron igiya.

Kafin a rufe gari mun samu fita sau ɗaya, za mu kasuwar Chow Kit sayen busasshen kifi da kuɓewa. Jirgin da muka hau a sama yake tafiya, bisa ginshiƙai, ba hayaƙi, ba ƙara. Malam bai zauna ba. Ya yi ta kutsawa cikin mutane har ya kai goshin jirgin, wai zai gaisa da direba, don a wajensu ba a hawa jirgin mutum ba a gaishe shi ba. Ya tarar da gilashi kawai, da wasu 'yan mata biyu suna danna waya.

Ya juyo ya ce wa ɗansa, “Kai, ina direban?”

“Baba, ai babu. Shi yake tuƙa kansa.”

“To wa yake taka masa birki?”

“Shi dai.”

Malam ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi a cikin jama'a ba. Ya tsaya a gaban gilashin nan dogo yana shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Jirgin ya rage gudu da kansa, ya tsaya daidai bakin ƙofofin tasha, ko taƙi ɗaya bai wuce ba. Na ga leɓensa yana motsi. Da na matsa kusa sai na ji tasbihi yake yi.

Bayan haka ba da jimawa ba aka sa dokar kulle, jiragen sama suka tsaya, 'yan makonninmu suka zama azumi biyu. Ba masallaci, ba kasuwa, ba maƙwabcin da zai leƙo. Abinci ma in an yi tapau, wato an sayo a ƙunshe, sai a rataye mana a ƙofa mai kawowa ya gudu. Malam ya ja kujera ya kafa a bakin taga, inda ake hango dogon jirgin. Yana wucewa fayau, fitilu a kunne, ba kowa a ciki ko mutum ɗaya tak da takunkumi. Malam ya ce, “Dubi bawan Allah, ba direba, ba fasinja, amma bai fasa aikinsa ba.”

Ɗansa ya ga zaman yana cinsa, sai ya ɓullo da wata hira bayan la'asar. Yana nemo labarin mutanen da suka fara ƙera abubuwa a cikin wayarsa, yana karantawa da Turanci yana mayar wa uban da Hausa. Ni ina gefe ina tsinke zogale ko ina jijjiga jaririya, kamar ba na ji, alhali ko kalma ba ta wuce ni. Sunayensu ba su zauna mini a kai ba, duk sun yi mini nauyi a harshe. Abin da suka yi ne ya zauna.

A nan na fara jin labarin mai tukunya. Ɗana ya ce wasu masana sun ce labarin tukunyar ƙari ne, ba mutum ɗaya ya yi aikin ba, wani ya fara wani ya gyara wani ya ɗora. Malam ya ce ko su ɗari ne, dole akwai wanda ya fara tsayawa ya kalli tururi da idon da ba na kowa ba.

Akwai kuma na mai lifta. Wai mutane suna tsoron hawa don kada igiya ta tsinke, sai mutumin ya tara jama'a, ya hau abinsa aka ja shi sama, ya ce a sare igiyar. Aka sare. Abin ya ɗan zame ya cije, ya tsaya cak da shi a kai. Malam ya buga cinya ya ce, “Namiji! Wannan shi ne bakanike, ya hau aikinsa da kansa.” Ni kuwa tausayin matarsa ne ya kama ni. Na ce, “Ita tana ina aka sare igiyar?” Suka yi ta dariya, uba da ɗa, har jaririya ta farka.

Wata rana na ce, “Malam, mutanen nan da kake ta yabo, Musulmi ne?”

Ya ce, “Ban tambaya ba. Ni dai na san kafin jirgi kakana da ƙafa yake kai fata Lokoja, wasu abokan tafiyarsa ba su dawo ba. Wanda ya rage wa bayin Allah wannan wahala ba zan rasa yi masa fatan alheri ba. Sauran lissafi na Mai shi ne.”

Abin da ya fi girgiza ni ƙarami ne. Surukata tana da keken ɗinki, ta fito da shi tana ɗinka mana takunkumi da ragowar atamfa. Malam ya ce ta dakata, ya kwance allurar, ya ɗora mini a tafin hannu.

“Hajiya, ina kafar allurarki ta hannu take?”

Na ce, “A gindi mana. A ina za ta kasance?”

“To duba wannan.”

Na kai ta kusa da ido. Kafar tana can wajen tsini. Na juya ta, na sake juyawa. Na yi shekaru ina kai ɗinki wajen tela, ban taɓa lura ba. Malam ya buɗe cikin keken ya nuna mini kwarkwaro da nasa zaren a ƙasa, ya juya hannun a hankali, na ga allura ta nutsa da zarenta a baki, wata 'yar ƙugiya ta cafke shi ta zagaya da shi, zare biyu suka rungumi juna a tsakiyar ƙyalle. Tun zamanin kakannin kakanni mata suke zura zare a gindin allura, idanunsu suna mutuwa a kan fitilar aci-bal-bal, sai wani ya zo ya matsar da kafa daga wannan kai zuwa wancan. Tazarar ba ta kai gaɓar yatsa ba. Na riƙe allurar nan, na tuna mahaifiyata da ta makance tana lalubar kafar allura da harshe.

Malam ya ce, “Kin gani? Ba ƙarfi ba ne. Allah ne yake buɗe wa mutum ido a kan abin da kowa yake kallo.”

Ban san ta ina ciwon ya shigo mana ba. Ba ma fita, komai sai an wanke, amma ya shigo. Aka gwada mu, dukkanmu muna da shi, aka ɗaura mana wani abin hannu mai ruwan hoda don kada mu fita. Mu ya tsaya mana a mura da ciwon jiki. Malam ya sauka masa a ƙirji. Ya kai in zai je alwala sai ya huta a hanya.

Yanzu bari in faɗi abin da na ce zan zo kansa. Tun ina amarya, in jirgi ya sauka daga dogo a daji, 'yan loko ake tasowa, su tafi ba a san ranar dawowa ba, kuma aikin ɗaga kan jirgi yana cin mutane. Mahaifiyata ta ce mini kada in kuskura in bar mijina ya sa ƙafa a hanya ba mu yafi juna ba. Saboda haka duk tafiyar da zai yi, ko Kaduna ce, sai ya shigo ɗaki ya saki labule, in durƙusa in ce ya yafe mini, ya ce ya yafe, shi ma ya nemi tawa. Ba mu taɓa tsallakewa ba, kuma ba wanda ya taɓa ji. Ba magana ce ta gaban yara ba, balle gaban ɗan fari. Ni wannan ɗan nawa ko sunansa ba na faɗa, ban cika haɗa ido da shi ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ban ga laifin hakan ba.

Ranar da motar asibiti ta zo, da rana tsaka ne. Mutum biyu suka shigo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ido kawai ake gani, suna magana da ɗana da sauri da sauri. Suka ɗora Malam a keken marasa lafiya, suka sa masa abin shaƙar iska. Ɗana yana riƙe da kafaɗarsa. Na tsaya a ƙofar ɗaki da hularsa a hannuna, ina jiran a ba mu wuri ko na ƙiftawar ido, ba wanda ya san ina jira. Malam ya dube ni ta saman abin da ke fuskarsa, na san shi ma abin da ke ransa ke nan. Na ce, “Allah ya sauwaƙe.” Lifta ta rufe.

Ba a zuwa dubiya. Sai waya. Kullum da hantsi ɗana zai kira, ya saki muryar a fili a tsakar falo, yara su hau kansa suna ihu da Turanci da Malayanci, kowa yana son kakansa ya ji shi. Sai ya miƙo wayar wajena, tana hannunsa, ya ce, “Inna, ga Baba.”

In ce, “Sannu, Malam. Ya jikin?”

Ya ce, “Da sauƙi, Hajiya.”

“Kana cin abinci?”

“Shinkafa ce ba yaji. Amma kin san me suka ba ni? Iska a cikin tulun ƙarfe. An kama iska an ɗura ta kamar manja, ana auna mini da mudu.” Ya yi dariya, dariyar ta zama tari.

Shi ke nan hirarmu. Kullum in kwana da niyyar gobe zan faɗa, in gobe ta yi in ga ɗana tsaye da waya a hannu, harshena ya ƙi. Ban iya kira da kaina ba, ban san inda ake dannawa ba. In ce masa ya ba ni wayar ya fita kuwa, wannan ya fi ƙarfin bakina. Ga kuma wani kokwanto da ya dame ni: yafiyar da ba a durƙusa gaban mutum ba, ba a ga idonsa ba, ta bi iska ta ratsa gine-gine, ta karɓu kuwa? Muryar Malam kuma kullum raguwa take yi, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi.

Wata rana muna kicin da surukata na ce mata, “Ke da kika yi islamiyya, in mutum ya yi sallama ta waya, dole ne a amsa?”

Ta ce, “Dole ne, Inna. Sallama ce.”

Na ce, “Ashe maganar waya magana ce.”

Ta ce, “Magana ce, har shaida ana yi da ita.” Ta ci gaba da yankan albasa. Can ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

Washegari da hantsi ba mu muka kira ba, likita ne ya kira. Na ga ɗana ya miƙe tsaye yana amsawa. Da ya gama ya ce iskar tulu ta daina isar Baba, za a sa shi barci a haɗa shi da wani inji da zai riƙa yi masa numfashi, amma sun ce a yi magana da shi tukuna, wata nas za ta riƙe masa waya. Ya saki muryar a fili kamar kullum. Malam ya yi masa magana a gutsure, kalma biyu ya huta, ya ce ya riƙe ƙannensa, ya riƙe salla. Ya sa wa surukata albarka. Sai ɗana ya miƙo wayar wajena, yana tsaye, hawaye yana bin gemunsa.

Na buɗe baki na ce, “Sannu, Malam.” Sai na tsaya.

Surukata ta ce, “Abban yara, zo ka duba mini injin markaɗen nan, ya ƙi tashi.”

Ya dube ta kamar ta zautu. “Yanzu?”

“Yanzu.”

Ta zare wayar daga hannunsa, ta danna wani wuri, ta manna mini ita a kunne, ta kama kafaɗata ta tura ni ɗaki ta ja ƙofa. Tunda aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa sa hannu a jikina haka ba. Na ji ta kwashe yara da ubansu zuwa kicin. Sai injin markaɗe ya tashi da ƙara, ya cika gidan, ba mai jin ko tarin wani. Kayan miyar kuwa tun da safe ta markaɗa su, ina gani. Ga ta nan tana rubutawa tana sunkuyar da kai.

Na durƙusa. Ba kowa a gabana sai sif ɗin kaya da babbar rigarsa a rataye. Na ce, “Malam, ni kaɗai ce.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi.”

Muryar tana cikin kunnena, kusa fiye da yadda take in yana zaune a gefena. Ina jin fitar numfashinsa, ina jin ɗan taɓa harshen da yake yi kafin ya yi magana. Mutum yana can wani gefen birni, bayan gine-gine da koguna da titunan da ban san sunansu ba, a ɗakin da ko ɗansa ba a bari ya shiga, ga shi a cikin tafin hannuna. Ba igiya, ba rami, ba ɗan aike. A duk hirarsu ta la'asar ban ji sun zo kan wanda ya fara sa murya ta yi tafiya ba, ko sun zo ina wajen girki. Ko wane ne shi, bai san da wata tsohuwa daga Zariya ba, amma ni ya yi wa aiki a ranar nan.

Na ce, “Malam, ka yafe mini.”

Ya ce, “Na yafe miki, duniya da lahira.” Ya huta. “Ni ma.”

Na ce, “Na yafe. Ba ka yi mini komai ba sai alheri.” Kuka ya ƙwace mini, na bar shi ya fito da sauti, tunda injin yana ta ruri a kicin.

Daga nan aka sa shi barci. Ƙarfe ya yi ta numfashi a madadinsa har iyakar kwanakin da Allah ya rubuta masa, bai farka ba. Ban ji haushin injin ba, ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, kuma na san da Malam ya ga cikinsa da ya yaba. Ma'aikata ne suka yi masa sutura, Musulmi 'yan ƙasar, Allah ya saka musu. Ɗana daga nesa aka bari ya tsaya a maƙabarta. Ni ban ga gawarsa ba, a benen nan na yi takaba, kuma har yau in na shimfiɗa tabarmar salla sai in bar masa wuri a gaba. Kewarsa ba ta ragu ba, ban kuma roƙi Allah ya rage ta ba.

Amma kafin nas ɗin ta janye wayar, na ji tana yi masa magana a hankali da harshensu, na ji ya ce mata ta ɗan dakata. Ya ja numfashi sau biyu, da ƙyar, sannan ya ce:

“Hajiya, na san a durƙushe kike. Tashi haka nan, tayil ɗin gidan nan da sanyi, kada gwiwarki ta kama.”